Wadda Take Riƙe Mini Kwantirol

Da yatsa ɗaya nake bugu a kwamfuta. Gara in faɗa tun farko, don duk wanda ya shigo shagon nan abin da yake fara kallo ke nan, sa'an nan ya ɗauke kai ya yi kamar kalandar bango yake karantawa. Hannuna na hagu ya naɗe a ƙirji tun gobarar da ta ci ɗakinmu, ba ya miƙewa. Na dama kuwa sauran yatsun sun manne da juna kamar an ɗinke su, manuniya kaɗai ta tsira. Mijina fetur yake kaiwa ƙetaren iyaka a jarkoki bayan babur, kamar yadda maza da yawa na unguwarmu suke yi a lokacin, kuma a ɗakin kwana yake ajiye su. Na yi magana har bakina ya gaji. Shi ya tafi, Allah ya jiƙansa. Ni na saura da yatsa ɗaya da bakin nan da wuta ba ta taɓa ba.

Macen da ba ta daka, ba ta surfe, ba ta ɗaukar ruwa, zaman me za ta yi a Bagudo? Zaman a zo a yi mata sannu. Ɗiyata da ke aure a Zagga ta ce in koma wurinta, na ce ba ni zama gidan suruki ina cin tuwon tausayi. Da sannun ta ishe ni sai na shiga ajin yaƙi da jahilci, da furfurata a gefen kai. Karatu bai ba ni wahala ba. Rubutu ne ya ƙi. Biro ba ya tsayawa a hannuna, in na cusa shi tsakanin manuniya da tabon sai ya zame, abin da ya fito a takarda kamar inda kaza ta yi tono.

A ajin nan kowa yana da kirki. Kirkin shi ne a bar mini benci guda ni kaɗai. Wata rana sai ga wata Bafillatana ta shigo a makare, ta sauke ƙwaryar nono a bakin ƙofa, ta dubi ajin, ta nufo bencina. Ta ce, "Matsa, Kaɗo, ai ba gadonki ba ne." Na matsa. Tun daga gobarar ba wanda ya yi mini rashin kunya sai ita, kuma har na koma gida ranar ina jin daɗin abin. Daga wata ruga take a bayan Matsinkai. Ta girme wa ɗiyata, ni kuma na girme ta, don haka in tana cikin hankalinta Adda take ce mini, in tsiya ta motsa sai ta koma Kaɗo. Ni ’yar ruga nake ce mata ko da wane lokaci.

Bayan mun iya haɗa baƙi, aka turo wata malama daga Birnin Kebbi ta koya wa mata kwamfuta a cibiyar sana'a. Irin ta tebur ce, mai akwati a ƙasa da fuska a sama. Ranar farko na danna harafi da manuniyata, ya fito a tsaye, baƙi wuluk, daidai da na matar da ke gefe mai yatsu goma. Na daɗe ina kallonsa. Ba wanda zai dubi wannan harafin ya ce sannu.

Murnar ba ta daɗe ba. Malama ta zo kan abin da ta kira gajerun hanyoyi: a riƙe wani maɓalli da ke kusurwar ƙasa, wanda ake ce wa Kwantirol, a danna harafi a lokaci guda, sai aikin da zai ci dogon zagaye ya gama nan take. Kwantirol da S, a ajiye aiki. Kwantirol da Z, a dawo da abin da aka ɓata. Akwai Shif na ɗaga harafi ya zama babba, akwai mai alamar taga. Duk sai an riƙe ɗaya an danna ɗaya. Ana iya bi ta linzami, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur ana nuna wuri da shi, amma linzami a wurina sai in tura shi da tafin hannu, in ɗaga yatsa in latsa, kafin nan ya zame ya bar inda na nufa. Na zauna ina kallon matan aji suna ta ƙwas ƙwas. 

’Yar ruga ce ta jawo kujerarta ta hagu da ni, ta ɗora yatsa a kan Kwantirol, ta ce ko saniya ba a tatsarta sai wani ya riƙe maraƙi. Na danna S. Aka ajiye. Haka muka ƙare wannan horon, mata biyu a kan allon bugu ɗaya.

Ita ba ta damu da kwamfuta ba, in faɗi gaskiya. Ba ta taɓa buga layi biyu a jere ba tare da ta yi hamma ba. Ni ce na haukace a kanta. Da wani Alhaji, tsohon ma'aikacin ƙaramar hukuma da ke da shagon buga takardu kusa da tasha, ya rasa mai yi masa bugu, da ƙafata na je. Ya dubi hannuna ya fara lissafo uzuri. Na ce ya ba ni takarda ya ga aiki, in bai yi masa ba ƙofar da na shigo ta nan zan fita. Washegari na zo da ’yar ruga. Ya ga mun gama shafi ba kuskure, ya ce shi dai mutum ɗaya ya ɗauka. Na ce ai mutum ɗaya ne, hannuwan ne suka zo daga gida biyu. Ya sa aka kawo wata kujerar katako marar jingina aka ajiye a haguna.

Ga yadda muke yi. Da sassafe takan shigo gari da nono, ta zaga gidajen da ta saba, da hantsi ta iso shago ta tura ƙwaryar ƙarƙashin tebur. Kafin la'asar ta kama hanyar ruga. Mijinta ya yarda ne saboda an ce masa wata mai lalura take taimaka wa, shi kuma mutum ne mai son lada. Da farko sai na ce riƙe, ta riƙe, saki, ta saki. Daga baya magana ta faɗi. Tana kallon yatsana ta san inda ya dosa. In na nufi farkon suna, Shif ya riga ya sauka. Bakinmu ya samu sarari ya yi wani aikin, muna bugu muna gulmar duk wanda ya wuce ta ƙofar tasha.

Ita ta raɗa wa komai suna. Kwantirol da S, ɗaure saniya, domin wuta a garinmu ba ta sallama in za ta tafi, wanda bai ɗaure ba ya yi asara. Kwantirol da Z, koro ta. In ba masu aiki kuma akwai wuta, sai mu fita abin da take kira kiwo: ta riƙe maɓalli ɗaya, ni in bi haruffa ɗaya bayan ɗaya mu ga abin da zai faru. A kiwo muka gano cewa taga da D na share duk abin da ke fuskar kwamfuta ya ɓoye shi, a sake dannawa ya dawo. Wannan ya yi mana rana, domin mutanenmu ba su iya shiga shago su tsaya a bakin ƙofa ba, sai sun leƙo kafaɗarka sun karanta takardar maƙwabcinsu. A kiwo muka gano taga da alamar tarawa, mai kumbura rubutu. Tsofaffi daga Kende in sun kawo takardar gona sai mu kumbura musu sunansu ya cika fuska, wanda bai iya karatu ba ma sai ya gyaɗa kai ya ce shi ne.

A kiwon dai muka danna taga da L, kwamfuta ta kulle kanta tana neman kalmar sirri, Alhaji kuwa ya tafi jana'iza, bai bar wa kowa ba. Muka wuni a zaune, ta dama fura, muka sha, muka kori masu aiki da cewa na'ura na hutawa. Wata rana kuma ta riƙe taga na danna dogon maɓallin tazara, sai na buga A ya fito Q. Wanda ya riga ni aiki a shagon ya sa tsarin Faransanci saboda takardun ’yan ƙetare, mu ba mu sani ba. ’Yar ruga ta dubi fuskar ta ce, "Adda, wagga ta ƙetare Benin ba ta ko tsaya a shinge ba." Muka yi dariya har mai shayin tasha ya leƙo. Muka sake dannawa, ta dawo gida.

Akwai abu ɗaya da ya faru a wancan lokacin wanda ban ɗauke shi komai ba. Kwamfuta ta daskare ana jira na, raina ya ɓaci, na shiga dukan Shif da yatsa ina zaginta. Sai ta yi wata ’yar ƙara, wani akwatin rubutu ya fito a tsakiya da Turanci. Ni Turancina sai na bi shi a hankali kamar mai tsallaka rafi. Kafin in kai ƙarshen layin farko ’yar ruga ta miƙa hannu ta kore shi, ta ce gargaɗi ne, malama ta ce a daina dukan wannan maɓallin, ɓata na'ura yake yi. Na yarda. Ban ƙara ba.

Shekarar da gonaki suka cinye burtalin da shanunsu ke bi zuwa ruwa, mazan rugarsu suka yanke shawarar tashi. Ta faɗa mini tana kallon allon bugu, yatsanta a kan Kwantirol. Za su ƙetara ta Tsamiya, su sauka can ɓangaren Benin inda dangin mijinta suke. Ta ce na ɗan lokaci ne, in an yi girbi an buɗe gonaki za su dawo. Na ce ta tafi mana, wa ya riƙe ta. Ta ce kada in bar Alhaji ya ɗora kwalin takarda a kujerarta. Na ce kujerar banza, wa ke son ta. Iyakar sallamar da muka yi ke nan.

Aka yi girbi, aka buɗe gonaki, wasu rugage suka dawo, tasu ba ta dawo ba. Ba ta da waya. Mijinta na da ita, da layin can, ni kuwa ban kiran wayar mijin wata in ce a ba ni matarsa. Matan da ke kawo nono suka ce sun ji an ce suna lafiya. Sun ji an ce.

Aiki ya koma kamar tafiyar hawainiya. Babban harafi ina iya yi ta wani maɓallin da ake kunnawa a kashe, sai dai kowane suna sai na je na dawo. Sauran kuma sai ta linzami, ina turawa yana zamewa. Na gwada haɓa, wuyana ya riƙe. Na gwada gwiwar hannun hagu, ta danne maɓallai uku a tare. Daga ƙarshe na ɗauko ƙaramin kwadon da muke kulle durowa da shi, in ɗora a kan Kwantirol, in danna harafi, in ɗauke. Ya yi aiki, sai dai kwado ba ya kallon yatsana. In na manta ban ɗauke ba na ci gaba da bugu, sai kowane harafi ya zama umarni: wannan ya rufe shafi, wancan ya buɗe wani abu, wani ya aika wa firinta. Ranar da na shafe wa wani malamin makaranta tambayoyin jarrabawa gaba ɗaya yana tsaye a kaina, na mayar da kwadon na danna Z. Suka dawo. Na juya hagu in ce na koro ta, sai na ga kujera.

Alhaji ba mugu ba ne. Ya ga mutane sun fara wucewa zuwa wani sabon shago da aka buɗe a bakin kasuwa, ya ce zai kawo matar ɗansa ta riƙa zama tana riƙe mini. Ta zo. Yarinya mai ladabi, ta gaishe ni har ƙasa. Amma duk lokacin da yatsana ya matso kusa da nata sai in ga ta ɗan janye, kaɗan, yadda ita kanta ba ta san ta yi ba. Da azahar na ce ta koma gida, girki na jiran ta. Alhaji ya ce to ko dai a fitar da kujerar a samu wurin ajiye takardu, tun da ba mai zama. Na ce mai ita na zuwa. Ya ce yaushe. Na ce in ya gaji da ni ya faɗa mini a fili, kujera dai ba ta fita sai in tare za mu fita. Ya ce Allah ya kyauta. Na san yana auna ni da shagon bakin kasuwa, kuma na san ba ni ce ke rinjaye ba.

A kwanakin nan na gane tsawon wuni. Da ina zaton hantsi lokaci ne kawai. Ashe sauti ne, ƙarar ƙwarya a ƙarƙashin tebur. In ya wuce ba a ji ba, sauran ranar sai ta zama abu guda har magariba. Na daina fita kiwo. Ba a yin sa da kwado, kuma ko na gano wani abu, wa zan nuna wa? A gida ina dafa abin da zan iya dafawa da hannu ɗaya, in ci, in wanke kwano ɗaya. Ɗiyata ta zo daga Zagga ta ga yadda na rame, ta sake ɗauko maganar in koma wurinta. Na ce ina da aiki. Ta ce aikin da ake yi da kwado. Na ce ta tashi ta tafi kafin mijinta ya neme ta.

Ana nan sai ga malamar nan ta Birnin Kebbi. An turo ta wani taro a garin, ta shigo a buga mata takarda, ba ta ma san ni ce a shagon ba. Muka gaisa, ta yi murna ƙwarai, ta tsaya a bayana tana kallo. Da ta ga na ɗauki kwado na ɗora, ta tambaye ni wannan fa. Na ce sabon mataimakina ne, ba ya gulma, ba ya shan fura. Ba ta yi dariya ba. Ta miƙo hannu ta danna Shif sau biyar. ’Yar ƙarar nan ta fito, akwatin nan ya fito, na gane shi tun kafin ta yi magana. Ta karanta mini ta fassara: tambaya yake yi ko ana son maɓallan riƙewa su riƙa riƙe kansu. An yi shi ne musamman don masu hannu ɗaya. Ta amsa masa, ta ce in danna Kwantirol in saki, sa'an nan in danna S. Na danna na saki. Wata ’yar alama ta bayyana a kusurwar ƙasa. Na danna S. Aka ajiye.

Ta ce, "Ai na nuna wa ƙawarki tun kuna aji, ranar da kika tafi asibiti a duba miki hannu. Na ce ta nuna miki in kin dawo. Da na ga kun ci gaba tare sai na ɗauka hakan ya fi muku."

Ban tuna abin da na ce mata ba. Na dai buga mata takardarta. Bayan ta fita na ɗauki kwadon na jefa shi waje, ya faɗa kusa da mai gyaran taya, ya ɗago kai ya ga fuskata ya mayar da kansa.

Na yi fushi, kuma ba ƙaramin fushi ba. Na tuna wuyan da ya riƙe, na tuna malamin makarantar nan yana huci a kaina, na tuna janyewar yatsan yarinyar nan. Duk wannan, maganinsa na nan ƙarƙashin hancina, ita ta sani, ta sa hannu ta kore shi a gabana ta ce gargaɗi ne. Na tare wani ɗan kabu-kabu da ke kai mutane har bayan Tsamiya, wanda ya san rugagen can, na kwatanta masa ita, na ce ya faɗa mata Addarta ta ce ta ga abin da ta ɓoye. Ya ce shi ke nan saƙon? Na ce za ta gane. Ya dawo ya ce ya faɗa, ta ce ta ji.

Aiki kam ya miƙe. Na yi sauri har na fi yadda muke da, domin ba gulma. Masu aiki suka dawo, Alhaji ya daina kallon bakin kasuwa. Duk lokacin da na taɓa Kwantirol ko Shif, kwamfuta na yin ɗan sauti ta nuna ta riƙe. Ana iya kashe sautin, malama ta nuna mini wurin. Na bar shi. Alhaji ya sake taɓo maganar kujera, a hankali, ya ce yanzu ai ba ta da amfani ko mai ita ta dawo. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa na yi masa tsawa.

Sai wajen damina ta biyu ’yar ruga ta zo. Uwarta da ta rage a Matsinkai ba ta da lafiya, aka bar ta ta ƙetaro dubiya. Ina cikin bugu da hantsi na ji sallama. Ba ƙwarya a kanta. Ta yi baƙi, ta rame, da atamfar can a jikinta. Ta dubi kujerar ta ga ba kwali, ta zauna kamar jiya ta tashi. Muka gaisa yadda ake gaisawa, gida, yara, shanu, mai jiki, ruwan bana, ban tsallake ko ɗaya ba. Da gaisuwa ta ƙare na ce mata Shif sau biyar.

Ta ce saƙo ya iso.

Na ce amsar ke nan, wai ta ji? Ta ce to mi za ta faɗa wa ɗan kabu-kabu, namiji, a gaban surukanta. Na zayyana mata komai, haɓa da gwiwar hannu da kwado, ban rage ba, muryata har waje. Tana zaune tana murza bakin mayafinta. Sai da na gaji ta ɗago.

"Adda, in kin iya ke kaɗai, mi zan ce wa maigida in na gama sai da nono? In ce zan je in zauna?"

"Ki ce za ki wurin ƙawarki."

"A ruga ba a fita don ƙawa. Don lada ake fita."

Na ce to da za ta tafi fa, me ya hana ta nuna mini a ranar, ta bar ni da kwado. Ta ce ta yi niyya, har ta ɗora yatsa a kan Shif ɗin. Sai ta ga in ta nuna mini, kafin su kai Tsamiya Alhaji ya fitar da kujerar. Ta ce a can in ta fita tatsa da asuba takan ce wa kanta akwai wani wuri a Bagudo da ba a iya yi sai da ita. "Na san son kai ne," in ji ta, "ke ma ai ba ki da kirki, Kaɗo, shi ya sa muka daidaita."

Na tambaye ta yaushe za su dawo. Na san amsar tun daga atamfar, amma ni ba a bar ni da zato. Ta ce shanu sun saba da can, an ba su wurin zama, yara sun fara jin yaren wurin. In uwarta ta samu sauƙi da ita za su ƙetara. Ba ta ce in sha Allahu wata rana ba, kuma na gode mata da ba ta ce ba.

Wani mutum ya shigo da takardar ƙungiyar manoman shinkafa a buga masa. Na juya na fara. Na kai inda ya kamata a ɗaure saniya, yatsana ya nufi S yadda ya saba tun da, sai na tarar nata ya riga ya sauka a kan Kwantirol. Na danna. Kwamfuta ta yi wani sauti da ban taɓa ji ba, mai gangarowa ƙasa, ’yar alamar nan ta kusurwa ta ɓace. Na tsaya. Ashe haka aka yi ta: in ta ji an danna maɓalli biyu a tare, sai ta ɗauka an samu hannu na biyu, ta kashe kanta. Wannan kam malama ba ta faɗa wa kowa a cikinmu ba. ’Yar ruga ta leƙa kusurwar, ta dube ni, ta ce, "Kin gani? Ta fi ki kunya, ta ga babba ta tashi."

Muka gama wa mai shinkafa, muka yi na bayansa, da na bayan wannan. Ta ba ni labarin matan can da yadda suke sayen nono a kwalba, na ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure da wanda ya kamata ya mutu bai mutu ba. Muka ɗan fita kiwo, ta riƙe taga na danna ɗigo, sai ga wani akwati cike da ƙananan fuskoki, mai dariya da mai kuka da mai fushi. Ta nuna mai fushin ta ce ga hotona an sa a ciki. Da aka kira la'asar ta miƙe ta gyara mayafi. Na raka ta har bakin tasha, abin da ban taɓa yi ba, na tsaya har babur ɗin ya sha kwana.

Da na dawo Alhaji na tsaye da kwalin takardu a hannu, sabon kaya ya iso, yana neman inda zai sauke. Na sa ƙafa na tura masa kujerar. Ya dube ni, ya ɗora.

Akwai sauran takarda ɗaya da ban gama ba. Na zauna na danna Shif sau biyar. Akwatin ya fito yana tambayata da Turanci ko ina so. Wannan karon na bi shi a hankali na karanta har ƙarshe, sa'an nan na ce masa i.